Yadda Mushe Eksper Ya Kai Ɗiyarsa Yaye

Duk Dakoro, daga bakin kasuwar dabbobi har bayan tashar Maradi, babu wanda ya san daji kamar Mushe Sharfaddin. Ba a gardama a kan wannan, domin shi da bakinsa ya faɗa, kuma ya sha maimaitawa. Shekara tara yana aiki da wani proje na kula da makiyaya, a biro, wato ofis, mai fanka biyu da koren labule. Ya rubuta rapor a kan saniya. Ya rubuta a kan raƙumi. Ya rubuta mai shafi tamanin a kan burtali, wato hanyar da ake ware wa dabbobi tsakanin gonaki. An taɓa tura shi ƙasar waje ƙaro ilimi na kwana goma sha ɗaya, ya dawo da malafar Turawa, da riga mai aljihu goma sha huɗu, da wata sabuwar tafiya ta wanda ƙasa ta yi wa kaɗan. Tun daga nan ƴan biro suka laƙaba masa Mushe Eksper, wato Malam Gwani. Ya ɗauka girmamawa ce, ya sa aka buga masa a kati.

Mahassada na cewa bai taɓa wuce kasuwar dabbobi ba, kuma ita ma daga cikin mota yake kallonta, gilashi a rufe saboda ƙuda. Amma mahassada ba su san cewa ilimi mai zurfi ba ya buƙatar taka kashin shanu ba. Ranar da proje ya nemi hoton da za a buga a alluna don wayar da kan jama'a, wa aka samu in ba shi ba? Aka aro akuyar maigadi, aka ɗaure ta a gindin itacen bedi na biro, Mushe Eksper ya tsaya kusa da ita cikin rigarsa mai aljihu, ya ɗaga ɗan yatsa sama kamar mai gargaɗin duniya. Akuyar ta cinye rabin aljihu na goma sha huɗu, amma wannan bai fito a hoton ba. Aka buga alluna aka tura ƙauyuka. Bai taɓa tambayar inda aka kafa su ba. Babban mutum ba ya bin allo.

Abu ɗaya ne ya gagare shi a duniya, shi ne ɗiyarsa Naja'atu, mai shekara biyu saura wata uku. Wata biyar yana koya mata ta ce Papa, domin a ganinsa kowane mai amalanke ma Baba ake kiransa. Kullum da yamma sai ya ɗora ta a cinya, ya nuna ƙirjinsa, ya ce Papa. Ita kuwa sai ta dube shi tun daga malafa har takalmi, ta ce a'a. Kalmominta uku ne, Inna da ruwa da a'a, kuma ta ƙarshen ta ware masa ita shi kaɗai.

Uwarta Hamdiya bara ta gama digirinta na lisansi a Maradi, tana gida tana jiran aiki. Mace ce mai saurin firgita a kan ɗiyarta, irin wadda ke sa yatsa a hancin yarinya tana barci don ta tabbatar tana numfashi. Da lokacin yaye ya yi, aka yi yadda aka saba. Ranar Juma'a da safe aka cire Naja daga nono, aka shirya a kai ta wurin kakarta Uwale, mahaifiyar Hamdiya, a wani ƙauye gaba kaɗan da Tagriss, ta yi kwanakinta a can har ta manta. Uwale ta aiko cewa ta tanadi kunu da madarar saniya, ta kuma ja wa Hamdiya kunne ta waya: in nono ya yini ba a sha ba, kada ta kuskura ta mayar da yarinya a kansa, ko da kuka zai fasa mata kunne. Tafiyar ta rabin yini ce. A tashi da safe, a ci abincin rana a can.

Sai Mushe Eksper ya shigo da takarda a hannu.

"Madam, a ƙasashen da suka ci gaba ba a ɗaukar yaro a jefa ma kakarshi kamar buhun gero. Ana fita da shi ya ga duniya tukuna. Na tsara porogaram. Za mu yi arewa mu ga raƙumin dawa, mu hau tudun yashi, mu kwana a tanti ƙarƙashin sama, gobe mu sauka wurin tsohuwa. Yarinyar nan jinin masanin daji ce, ya kamata ta san gidansu."

Hamdiya ta ce yarinyar ko kunun safe ta ƙi karɓa. Ya ce yunwa ma darasi ce, kuma yana da shafi a kanta. Ya nuna mata kayan da ya loda a tsohuwar motarsa kat-kat: tanti ruwan lemo da bai taɓa fita daga jakarsa ba, tebur mai naɗewa, risho na gas, gwangwanin sardin goma sha biyu, biskwi, madarar gwangwani, da madubin hangen nesa. Ta tambayi ko za a nemi direban da ya san hanya. Ya yi dariyar tausayi. Mutumin da ya zana taswirar yankin nan da hannunsa, a biro, da alƙalami kala huɗu, shi za a nema wa ɗan rakiya?

Ƙarshen damina ne. Gero ya ƙosa bai kai ga yanka ba, wake ya baje a ƙarƙashinsa, daji kore shar. Naja ta fara kuka tun kafin su fita gari. Hamdiya ta ba ta biskwi, ta jefar. Ta dama madarar gwangwani, yarinya ta shinshina ta kau da kai, ta koma tana jan wuyan rigar uwarta da hannu biyu. Mushe Eksper yana tuƙi yana bayani. Ya faɗi sunan kowane itace da Faransanci, wanda bai sani ba ya ce ba shi da muhimmanci a kimiyya. Ya ce kukan Naja murna ce, huhunta ne ke karɓar iskar asali.

Wajen azahar ya taka birki, ya ɗora madubin hangen nesa, ya ce a yi shiru, ga raƙumin dawa can. Ya yi minti goma yana bayanin wuyansa da zanen jikinsa da yadda yake gudun mutane. Da abin ya matso, sai ga shi raƙumi ne na gida, da buhu biyu a bayansa da mai shi a zaune a kai, har ya ɗaga musu hannu. Mushe Eksper ya ce ai danginsu ɗaya, ya ciro alƙalami daga aljihu na uku ya yi maki a porogaram.

A tudun yashi ya fito cikin gajeren wando da doguwar safa, ya ba Hamdiya waya ta ɗauke shi yana hangen arewa. Bai yi taku ashirin ba ƙarangiya ta yi masa maraba. Ta cika safar, ta hau gashin ƙafa, da ya tsuguna ya cire sai ta kama inda ba a faɗa. Ya dawo mota yana tafiya a buɗe. Ya ce da gangan ya tattara ta, samfuri ne na bincike.

Hamdiya ba ta yi dariya ba. Ƙirjinta ya cika ya yi tauri yana zogi, ɗiyarta na kuka a kansa, ga kuma maganar Uwale a kunne. A makaranta an koya mata cewa nono ba ya lalacewa don ya yini. Amma wadda ta koya mata ba ita ta haife ta ba, kuma in wani abu ya sami Naja ba wurinta za a je ba. Sai ta riƙa ɗiga wa yarinya ruwa da murfin gora, tana duban rana, tana roƙon su juya gabas. Mushe Eksper ya ce porogaram ba ya juyawa.

Da la'asar sakaliya Allah ya nuna masa wurin da ya dace da shi. Fili ne dogo, shimfiɗaɗɗe, babu ƙarangiya ko ɗaya, ya ratsa tsakanin gonaki ya miƙe har inda ido ya tsaya. Dama da hagu an jera fararen turaku na siminti, kowane da lamba a jikinsa. Mushe Eksper ya fito ya riƙe ƙugu.

"Kin gani ko, Madam? Ana cewa ƙasarmu ba ta ci gaba. Ga filin kwanan ƴan yawon buɗe ido, an share, an sa lamba, irin wanda na gani a waje sak. Kowane iyali da lambarshi. Mu za mu ɗauki arba'in da bakwai."

Hamdiya ta yi shekara goma sha biyu a ƙauye kafin a kai ta lakwal, makarantar boko, a gari. Turakun sababbi ne gare ta, amma ƙasar ba sabuwa ba ce. Ta dubi sawun kofato da ya daka wurin ya zama gari, ta dubi busasshen kashin shanu ko'ina. Ta ce a hankali, "Baban Naja, wannan kamar burtali ne."

Ya cire malafa don maganar ta fita da kyau.

"Hamdiya, wa ya rubuta shafi tamanin a kan burtali, ni ko ke? Burtali jan layi ne. Ni na ja shi da hannuna a taswira. Duba nan da kyau. Kin ga ja?"

Ba ta ga ja ba. Ya gitta motar a tsakiyar filin don ta tare iska, ya kafa tanti a gabanta. Aikin da takardar tanti ta ce na minti biyar ne ya ci shi har magariba, kuma sanda biyu suka yi saura, ya ce na ajiya ne. Hamdiya ta ce ita tsoron kunama take, a mota za su kwana ita da yarinya. Ya yi mata uzuri, ya ce ba kowa aka haifa da zuciyar daji ba.

Da gari ya waye Naja ta daina kuka. Wannan ya fi kukan tayar wa Hamdiya da hankali. Yarinya ta kwanta lamo a kafaɗarta, leɓe a bushe, ido a lumshe, ko wuyan rigar ta bar ja. Yini da kwana ba abin da ya shiga cikinta sai ruwa. Hamdiya ta leƙo ta taga ta ce in bai tada mota yanzu ba, za ta goya ɗiyarta ta bi duk inda ta hangi hayaƙi. Mushe Eksper yana zaune a tebur mai naɗewa, shayi a kan risho, waya a jingine da gwangwanin sardin tana ɗaukarsa. Ya ɗaga mata hannu ta dakata, yana tsakiyar jawabi ga abokan aikinsa a kan yadda ɗan Adam ke zama lafiya da dabba in ya san halinta.

Shayin ne ya fara rawa a kofi. Sannan tebur. Sannan daga arewa aka ji wani gurnani mai nauyi, da ƙarar ƙaho na bugun ƙaho, da muryar mutum yana kira can baya. Jajayen shanu ne masu dogayen ƙahoni, sun cika filin daga turke zuwa turke, suna gangarowa kudu wajen ruwa. Ba su da inda za su kauce. Dama gero ne, hagu gero ne, kuma makiyayin da ya bar saniya ɗaya ta sa baki a gonar mutum a wannan wata ya san abin da ya jawo wa kansa.

Mushe Eksper ya miƙe. Dole a yaba masa, bai gudu nan take ba. Ya gyara rigarsa mai aljihu, ya tako gaban tanti, ya ɗaga ɗan yatsa sama daidai yadda ya yi a hoto, ya ba da umarni da Faransanci cewa a dakata. Bijimin da ke gaba bai yi lakwal ba. Ya ci gaba da tahowa, yana kallonsa da idon da ake kallon kututture. Saura taku biyar, masanin daji ya tuna cewa bincike ya fi kyau daga sama. Yadda ya kai rufin mota har yau Hamdiya ba ta sani ba. Takalmi ɗaya ne ya bi shi, malafa da tabarau suka zaɓi zama a ƙasa.

Garke ya rabu biyu ya rungume motar. Hamdiya ta ƙanƙame ɗiyarta tana karanta duk abin da ya zo bakinta, mota na lilo, ƙahoni na gogar gilashi. Tebur ya naɗe kansa ba tare da an taɓa shi ba. Sardin ya koma ƙasa. Igiyar tanti ta sarƙe a ƙahon wani sa, ya wuce da shi gaba ɗaya, tantin ruwan lemo na kaɗawa a bayansa kamar an yi masa naɗi. Cikin wannan hali Hamdiya ta ji motsi a kafaɗarta. Naja ce ta ɗago kai, ta manna tafin hannu biyu a gilashi, tana bin shanun da ido.

A bayan garken makiyayin ya iso, dattijo siriri da sanda a kafaɗa, sunansa Jimrau, da matarsa Fadimata a kan jaki tsakanin ƙorai. Jimrau ya dubi mota, ya dubi mutumin da ke tsugune a rufinta da takalmi ɗaya, ya yi sallama, ya tambayi ko lafiya aka kwana. Fadimata ba ta dubi sama ba. Ta leƙa taga, ta ga idon yarinya, ta tambayi Hamdiya kwana nawa da yaye. Da ta ji, ta ce rijiya na nan gaba kaɗan, su biyo su.

Mushe Eksper ya sauko ya tuƙa a bayan jaki, a hankali, ba bayani. Kafin su isa ya hangi wani abu daga nesa, ya cire rigar mai aljihu ya cusa ta ƙarƙashin kujera. Hamdiya ta gani, ba ta gane dalili ba sai da suka tsaya. A bakin rijiya, kusa da kwamin shayar da dabbobi, ga wani allon ƙarfe a kafe. Rana ta ci fentinsa, raƙuma sun sosa jiki da shi har ya karkace, amma ana ganin mutum da malafa da riga mai aljihu da ɗan yatsa a sama, da akuya a gefensa. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa burtali na dabbobi ne, kada a noma shi, kada a zauna a cikinsa.

Fadimata ta kira wata saniya da sunanta, ta tsuguna ta tatso madara mai kumfa. Hamdiya ta tafasa ta a rishon gas, wanda shi kaɗai ya tsira daga cikin kayan ci gaba, ta fifita har ta huce. Fadimata ta karɓi yarinyar ta zaunar da ita a cinya, ta juya mata baya ga uwarta, ta nuna mata ɗan maraƙi, ta kai ƙaramin ludayi bakinta kamar ba da gangan ba. Naja ta taɓa da leɓe. Ta tsaya. Sai ta kama ludayin da hannu biyu. Hamdiya ta ƙirga har ludayi shida, daga nan ta kasa gani, ta ja gefen mayafi ta rufe fuska.

A can gefe masu jan guga sun bar igiya sun kewaye baƙo. Wani da ya biyo sawun garke ya kawo masa tabarau ido ɗaya, wani ya kawo malafa da sawun kofato a tsakiyarta. Jimrau ya yi masa bayani cikin ladabi cewa akwai doka. Duk wanda ya tare burtali ana ɗaukar sunansa a aika Dakoro, wurin babban masanin nan na jikin allo. Su dai ba su taɓa ganinsa ba, amma an ce ba ya wasa, kuma an ce babu abin da bai sani ba. Don haka, bawan Allah, mi ne ne sunan?

A nan Mushe Eksper ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Ya sunkuyar da kai, ya rage murya.

"Yusufu sunana. Ɗan tireda ne ni, daga nesa. Wallahi ban san komi ba a kan dabbobi."

Mutanen suka gyaɗa kai, suka ce wannan kam a fili yake. Har wani tsoho ya fara cewa a yi masa afuwa, rashin sani ne, da ya yi karatu kamar na allo da bai yi haka ba.

Lokacin ne Naja ta zame daga cinyar Fadimata. Ciki ya ɗauka, farin gashin baki na madara a leɓenta, ta taho tana tangaɗi ta ratsa tsakanin ƙafafun manya. Ta tsaya gaban allo. Ta ɗaga kai ta dubi malafa, ta dubi aljihu, ta dubi yatsa. Ta nuna shi da hannu, ta buɗe baki da murya garau wadda ta kai har bakin rijiya.

"Papa."

Sannan ta juyo, ta tako wurin ɗan tireda Yusufu, ta kama gajeren wandonsa, ta sake faɗa don kada a yi kuskure.

Wata biyar yana jiran kalmar nan. Ya dubi ɗiyarsa, ya dubi mutane, ya ce a hankali, "A'a."

Jimrau ya dubi allo, ya dubi mutum, ya sake duban allo. Bai yi dariya ba, makiyayi ne mai kunya. Ya ce, "To, Malam, ka rage muna tafiya. Sai ka kai sunan da hannunka."

Kafin azahar Naja na cinyar Uwale tana shan kunu, Fadimata ce ta nuna musu hanya da bakin ludayi. Hamdiya har yau in ta ji kukan saniya sai ta laluba inda ɗiyarta take. Tantin kuwa an ce yana nan wurin makiyaya, ƴan maruƙa na shan inuwa a ƙarƙashinsa. Ranar Litinin Mushe Eksper ya shiga biro ya rubuta rapor mai shafi arba'in a kan ganawar da ya yi da makiyaya ido da ido, inda ya tabbatar da cewa turakun burtali suna aiki yadda ya tsara. Sunan ɗan tireda bai fito a ciki ba.

Yanzu kullum da yamma yana ɗora Naja a cinya, ya nuna ƙirjinsa, ya ce Baba. Ita kuwa sai ta dube shi tun daga malafa har takalmi, ta ɗaga ɗan yatsa sama.